Safiyar da Maza Suka Zauna Ƙarƙashin Tagar Ajina

Na koyar a ajujuwa da yawa a garin Riyadh har furfura ta cika mini kai, kuma yawancin kwanakin sun cakuɗe a raina, ba na iya raba wannan da wancan. Amma akwai wata safiya guda da ba zan taɓa mantawa da ita ba muddin ina cikin hankalina.

A unguwar Al-Oud aka haife ni. Mahaifina tela ne, mutumin Kano. Ya zo aikin hajji yana saurayi, neman abinci ya yi ta jan sa har ya yada zango a Riyadh, ya buɗe ɗan shago a kasuwar Batha, daga baya ya samu takardar zama ɗan ƙasa. A cikin gida Hausa muke yi, da mun fita ƙofa sai Larabci. Da gwamnati ta fara buɗe makarantun 'yan mata, ina cikin waɗanda aka kai. Malamanmu duk baƙi ne daga Masar da Sham, domin a lokacin da wuya a samu 'yar ƙasa da ta yi karatun da za ta tsaya gaban allo. Makarantu kuwa kullum ƙaruwa suke yi, baƙin ba za su isa ba. Sai gwamnati ta buɗe ma'ahad, wato makarantar horar da malamai mata. Ana ɗiban mu muna gama firamare, a ɗura mana karatu na 'yan shekaru, a miƙa mana alli a ce mu je mu koyar. Yau in na gaya wa jikokina cewa ban cika shekara sha bakwai ba aka fara kirana Abla, kamar yadda ɗalibai mata ke kiran malamarsu a nan, dariya suke yi, suna ganin ƙari nake yi.

Shigata ma'ahad ba ta zo wa mahaifina da sauƙi ba. Abokansa na masallaci sun yi ta yi masa magana, wasu a gabansa, wasu a bayansa. Shi dai ya daure, amma ya kafa mini sharaɗi. Ya ce, "Sau ɗaya zan shiga wannan surutun saboda ke. In kin ci, madalla. In kin faɗi, ba maimaici, gida za ki zauna." Kuma mutum ne da ba ya magana biyu.

A shekararmu ta ƙarshe aka rarraba mu makarantu don gwajin koyarwa. Ni aka tura ni wata ƙaramar makaranta a cikin unguwarmu, ba nisa da maƙabarta. Gidan ƙasa ne gwamnati ta kama haya, aka mayar da ɗakunan ajujuwa. Ajin da aka ba ni yana jikin lungu, yana da 'yar taga can sama kusa da rufi, wadda ba a rufewa saboda zafi. Tsarin shi ne, za a turo mai duba malamai daga ma'ahad ta zauna a bayan aji ta kalli darasinki daga farko har ƙarshe. Abin da ta ce shi ne makomarki. Wadda aka ce za ta duba ni wata Bamisriya ce doguwa mai tabarau, wadda duk ma'ahad ke tsoro. Ba ta zagi, ba ta ɗaga murya. Kallonki kawai za ta yi ta saman tabarau, ki manta sunanki.

A daidai lokacin unguwa ta ɗau zafi a kan makarantar. Ana ta yaɗa cewa ana koya wa yara waƙe-waƙe, ana kuma gaya musu wai cuta ba daga Allah take ba. Mazan unguwa suka aiko da ƙorafi ta bakin mai gadi. Shugabar makarantar, wata dattijuwa 'yar Sham, ta aika musu da amsa. Ta ce namiji ba zai shigo makarantar mata ba, wannan doka ce, amma ga tagogi nan a buɗe, duk ranar da suka ga dama su zo su zauna a lungu su ji da kunnensu. Aka yi shiru, har muka ɗauka maganar ta mutu.

Ran gwajina na iso da wuri da kayan darasina a jaka. Ina cire abaya sai ga matar mai gadi ta shigo tsakar gida da sauri, tana riƙe da gefen mayafinta. Ta ce wa shugaba, "Sun zo. Sun shimfiɗa tabarma a lungu, har da liman." Shugaba ta tambaye ta wace taga. Matar ta juya ta nuna ajina.

Darasin da aka yanka mini na kiwon lafiya ne, a kan ƙuda da ruwan sha. Wato ainihin abin da ake ƙorafi a kansa.

Shugaba ta ja mai dubawa gefe, amma ina jin su. Ta roƙe ta a ɗage gwajin zuwa wata rana. Mai dubawa ta ce yau aka rubuta, yau za a yi. Shugaba ta ce to a canza darasin, a mayar da shi na karatun Alƙur'ani, mutanen nan su ji abin da zai kwantar musu da hankali su tashi. Mai dubawa ta ce, "Gwamnati ba ta horar da ita don ta koyar da abin da lungu ke so ba. In ta bar darasin da aka ba ta, na kayar da ita." Ta shige ajin ta zauna a baya. Shugaba ta zo ta kama hannuna. Ta ce a hankali, "'Yata, in mutanen nan suka tashi da fushi, gobe rabin yaran nan ba za su zo ba. Makarantar da ba yara kuwa rufe ta ake yi. Ki auna kowace kalma."

Haka na shiga. Yara suka miƙe suka gaishe ni da murya ɗaya, na amsa da wata murya da ni kaina ban san ta ba. Ta tagar nan ina jin komai: ƙarar carbi, wani yana gyara zama, wani tsoho yana tari. Su ma na san suna jin numfashina.

Na fara da bisimilla, na ɗaga murya sosai don ta fita. Sannan na ciro kayana na jera a tebur: kofin gilashi biyu cike da ruwa, ɗan dabino a faranti, da faifan da Innata ta saƙa. A ma'ahad an koya mana cewa dole malama ta zana abin da take bayani a kan allo. Na ɗauki alli zan zana ƙuda, sai na tuna akwai wata yarinya a gaba da ba ta iya riƙe bakinta, tana iya cewa da ƙarfi Abla ta zana ƙuda, a waje kuma akwai waɗanda zanen mai rai kaɗai ya ishe su hujja. Na rubuta kalmar kawai na ajiye allin. Na ga mai dubawa ta sunkuya ta yi ɗan rubutu. Na dai wuce.

Allah ya taimake ni, ƙuda na gaske ya zo ya sauka a kan dabinon. Na ce wa yara su gaya mini inda suke zaton ya fito kafin ya zo nan. Wata ta ce kwata, wata ta ce wajen mahauta, wata ta faɗi wurin da ya sa aji ya fashe da dariya. Har a waje na ji wani ya yi 'yar dariya ya danne. Na rufe farantin da faifai, na ce ga maganinsa, kuma kowane gida akwai irinsa. Sai na ɗaga kofunan biyu na ce su nuna mini mai tsabta. Suka duba, suka ce duk ɗaya ne. Na ce ɗaya tafasasshe ne, ɗaya daga randa na ɗebo, kuma ido ba ya rabewa. Na ce akwai wasu ƙananan halittu da Allah ya yi waɗanda ido ba ya gani, in suka shiga ruwa suna sa gudawa da amai, sun fi kuma cutar da jarirai.

Ina rufe baki wata yarinya a layin tsakiya ta ɗaga hannu. Na san ta sarai. 'Yar Hausawa ce irina, gidansu na bayan namu, mahaifinta aminin mahaifina ne, Baffa muke ce masa. Shi ke tuƙa tankar ruwan da ke shayar da kusan duk unguwar. Ba a daɗe ba ƙaninta na goye ya rasu bayan ya kwana biyu yana gudawa. Ni da Inna mun je gaisuwa. Na so in yi kamar ban ga hannun ba, amma mai dubawa ta gani, kuma a ma'ahad an hana mu tsallake hannun yaro.

Ta miƙe ta ce da Larabci, da muryar yara wadda ba ta san rage sauti ba, "Abla, ke nan ruwan Babanmu ne ya kashe ƙanena?"

Carbin da ke waje ya tsaya. Tarin ma ya tsaya. A lokacin ban san Baffa yana cikinsu ba, amma na san duk wanda ke kan tabarmar nan ruwansa yake saya. In na ce e, na kashe wa mutum sana'a, na kuma ɗora masa jinin ɗansa a gaban jama'a. In na ce ruwa ba ya cutar da kowa, na ƙaryata darasina a gaban mai dubawa, na kuma yi wa yaran ƙaryar da za ta iya cin ran wani jaririn. Na duba baya. Mai dubawa ta cire tabarau tana kallona. Ba abin da aka koya mana a ma'ahad da ya yi kama da wannan.

Na bar gaban allo na je inda take, na durƙusa har fuskarmu ta yi daidai. Amma ban rage murya ba, domin na san ba ita kaɗai nake ba amsa ba. Na ce, "Ban san abin da ya yi ajalin ƙaninki ba. Ni ba likita ba ce, kuma ban duba shi ba. Rai da mutuwa a hannun Allah suke, ba wanda ya isa ya ƙara wa wani kwana. Ruwan Babanku shi muke sha a gidanmu tun ina ƙarama, ga ni tsaye a gabanki. Ruwa yana iya zuwa gida da kyansa, ya lalace a randa, ko a moɗa, ko a hannun da aka tsoma. Wannan yana faruwa a gidanku, yana faruwa a namu. Ba wanda ya gaya wa Innata, ba wanda ya gaya wa taki. Yanzu mun sani, sai mu tafasa na jarirai, mu rufe randa. Ai kullum muna rufe ƙofar gida, alhali mun san Allah ne mai tsaro."

Yarinyar ta tsaya tana kallona, hawaye na zuba. Ina shirin zaunar da ita sai murya ta shigo ta taga, da Hausa, a dishe.

"Ke 'yar tela! Tunda kin san haka, me ya hana ki tako ki gaya mana tun yaron yana da rai?"

Baffa ne. Yaran Larabawa suka ɗaga kai suna neman inda muryar ta fito. Mai dubawa ta miƙe tsaye. Doka ce babba, malama ba ta musayar magana da namiji a cikin makaranta, kuma ba a yin wani harshe a aji sai Larabci. Na sani sarai. Amma mutumin nan ya ɗauke ni a kafaɗa ina yarinya, kuma abin da na ji a muryarsa ba faɗa ba ne. Na ɗaga kai na ce da Hausa, "Baffa, wallahi bayan rasuwarsa aka koya mana wannan darasin. Da na sani a lokacin, da gudu zan zo. Allah ya jiƙansa, ya sa mai ceto ne."

Can sai na ji ana tattara takalma, ana naɗe tabarma. Mai dubawa ta ce, "Me ya ce? Me kika ce masa?" Na fassara mata kalma da kalma a gaban yara. Sai ga matar mai gadi a bakin ƙofa ta ce uban yarinyar yana kiranta, ta ɗauko jakarta. Yarinyar ta fita tana waiwayena. Ba a jima ba matar ta dawo ta kira wata, ta sake dawowa ta kira wata. Na tsaya riƙe da kofi, na rasa inda na tsaya a darasin.

Mai dubawa ta koma kujerarta ta mayar da tabarau. Ta ce, "Lokacinki bai ƙare ba, malama. Ci gaba."

Na ci gaba. Ban san yadda na yi ba. Na dai tuna na sa yaran da suka rage sun maimaita yadda ake rufe abinci. Da aka buga ƙararrawa mai dubawa ta zo ta tsaya a gabana ta lissafa mini laifina: ban yi zane ba, na yi magana da namiji, na yi wani harshe a aji. Ta ce za ta kai maganar ma'ahad, can za a yanke. Shugaba kuwa ko kallona ba ta yi ba, tana tsaye a tsakar gida tana duban gurbin yaran da aka janye.

Kafin in isa gida labari ya riga ni, kuma ya canza kama. Cewa ake yi 'yar tela ta tsaya a aji ta ce ruwan wane ke kashe yara. Inna ta tare ni a zaure ta ce, "Ke kuwa me ya kai bakinki can?" Baba ya dawo daga Batha, ya ci abinci bai ce mini uffan ba. Washegari tankar Baffa ta wuce ƙofarmu ba ta tsaya ba. Muka ji wasu gidaje sun daina sayen ruwansa. Kwanakin nan ban san ɗanɗanon abinci ba. Tunanin faɗuwa gwaji ma ya koma ƙarami. Abin da ke cina shi ne, mutum ya rasa ɗa, ga shi zai rasa abinci, kuma sunana ne a kai.

Wanda ya kashe wutar shi ne wanda na fi tsoro a ranar, wato liman, tsohon nan mai tari. Baba ne ya ba mu labari, kuma ranar ce ya fara yi mini magana. Ya ce bayan la'asar wani ya tayar da zancen a masallaci, sai liman ya ɗaga hannu ya ce shi yana ƙarƙashin tagar, da kunnensa ya ji. Liman ya ce 'yar tela ba ta zargi ruwan kowa ba, ta ma ce shi suke sha a gidansu, kuma ta mayar da rai da mutuwa ga Allah. Ya ce duk wanda ya ƙara a kan haka ya shirya amsa a gaban Ubangijinsa. Ya ƙara da cewa shi har yanzu bai gamsu da makarantar ba, amma ƙarya ba za a yi a gabansa ba. Baba ya gama, ya dube ni ya ce, "Da ma kin yi shiru da Baffanki ya yi magana." Sannan ya ce, "Amma da ni ne ma da na amsa."

Bayan 'yan kwanaki, da rana tsaka, matar Baffa ta yi sallama a gidanmu. Ta rame ƙwarai. Ta zauna suka gaisa da Inna, aka yi ta zagaye-zagaye, sannan ta juyo gare ni ba tare da ta haɗa ido da ni ba. Ta ce, "Wai in ya tafasa sau ɗaya ya isa, ko sai an bar shi ya jima?" A nan na lura tana da ciki. Na tashi na hura wuta, muka tsaya ni da ita a kan tukunya na nuna mata. Ba ta ambaci yaron ba, ni ma ban ambata ba. Da za ta tafi ta ce wa Inna gobe a fito da randuna, tanka za ta tsaya.

Sakamako ya fito, na ci, amma da maki mafi ƙasa da ake ci da shi. Ƙawayena sun tausaya mini, ni kuwa sujada na yi. Daga baya wata malamarmu ta gaya mini cewa an so a kayar da ni saboda maganar taga, Bamisriyar nan ce ta tsaya ta ce dokokin da na karya ta rage mini maki a kansu, amma ba za ta sa hannu a kori yarinyar da aka kwashe wa ɗalibai a gabanta ta kuma ƙarasa darasinta ba. Ita kanta ba ta taɓa nuna mini ba. Ko a ranar karɓar takardar shaida kallon saman tabarau ta yi mini ta wuce.

'Yar Baffa ta dawo makaranta da aka shiga sabon zango. A cikin sauran da aka janye akwai wadda ta dawo, akwai kuma wadda ban sake ganin ta a aji ba har abada, kuma har yau nakan tuna fuskarta. Baffa ya ci gaba da kawo mana ruwa, muna gaisawa ta bayan ƙofa, amma wasan da yake yi da ni da can bai dawo ba.

A ma'ahad an koya mana yadda ake tsara darasi, yadda ake riƙe alli, yadda ake tsayawa ba a ba yara baya ba, kuma duk sun yi mini amfani. Abin da safiyar nan ta koya mini shi ne, duk maganar da malama ta faɗa a aji gida take tafiya, kuma a can akwai wanda za ta taɓa, wataƙila a inda ke masa ciwo. Wannan bai zama dalilin ɓoye gaskiya ba, domin a wani gidan ran yaro ne a kanta. Sai dai a faɗe ta ba tare da an nemi wanda za a ɗora wa laifi ba, kuma abin da ba ki sani ba ki ce ba ki sani ba, ko da wa ke sauraro. Duk ɗalibar koyarwa da aka turo mini a shekarun da suka biyo baya, wannan nake fara gaya mata kafin in bar ta ta shiga aji.